Cibiyar Alwatika Ba Ta Raba Nisa Daidai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi gyara a kan wani bayani da ya fito a shafinku na ilimi makonni biyu da suka wuce, inda marubucin ya yi ƙoƙarin nuna amfanin lissafi a rayuwar yau da kullum. Na ji daɗin ganin an kawo lissafin surori da Hausa, domin abu ne da ba kasafai ake yi ba, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. A misalin da ya bayar, ya ce idan ƙauyuka uku suna son gina ɗakin shan magani guda ɗaya, sai a zana alwatika, wato siffa mai kusurwa uku, da ƙauyukan a kusurwoyinta, a ja layi daga kowace kusurwa zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantarta, a yi ginin a mahaɗar layukan, wai domin a nan ne nisan kowane ƙauye yake zuwa ɗaya da na sauran. Maganar ba haka take ba. Na koyar da lissafi a makarantun sakandare na Jihar Kebbi sama da shekara talatin kafin in yi ritaya, kuma na sha cin karo da wannan kuskure a takardun ɗalibai, har ma a bakin wasu malamai, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba.

Layin da ke tashi daga kusurwa ya sauka a tsakiyar gefen da ke fuskantarta shi ne ɗalibai ke kira midiyan, ni kuwa a aji layin tsakiya nake ce masa. Kowace alwatika tana da irinsa guda uku, kuma duk yadda ta karkace, ukun nan a wuri ɗaya suke haɗuwa, a cikinta kuma, ba su taɓa haɗuwa a waje. Mahaɗar ita ce sentiroyid, wadda na saba kira cibiyar nauyi. Tana zaune a kan kowane layi ta yadda tazararta daga kusurwa ta ninka tazararta daga gefe sau biyu, wato kashi biyu cikin uku na tsawon layin idan aka auno daga kusurwa. Har zuwa nan marubucin bai kauce ba.

Kaucewar ta zo ne a batun nisa, kuma lambobi kaɗan sun isa su fito da ita. A ƙaddara ƙauye na biyu yana gabas da na farko da kilomita 9, na uku kuma yana arewa da na farkon da kilomita 12, wanda hakan zai sa tsakanin na biyu da na uku ya zama kilomita 15 bisa ƙa'idar Pitagoras, wadda ke ba da tsawon dogon gefe a alwatika mai kusurwar digiri 90. Hanya mafi sauƙi ta gano cibiyar nauyi ita ce a tara nisan ƙauyukan ta gabas a raba uku, a tara nisansu ta arewa shi ma a raba uku, sai a ga ta faɗa kilomita 3 gabas da kilomita 4 arewa da ƙauyen farko. Daga nan zuwa ƙauyen farko kilomita 5 ne cif, zuwa na biyu kimanin 7.2, zuwa na uku kuwa kimanin 8.5. Ke nan matar da naƙuda ta kama da dare a ƙauye na uku za ta sha tafiyar da ta ɗara ta 'yar'uwarta ta ƙauyen farko da kilomita uku da rabi, alhali an ce musu an yi wa kowa adalci.

Wurin da nisa ke zuwa ɗaya yana nan, amma da wasu layukan ake samunsa. Ana neman tsakiyar kowane gefe kamar yadda aka yi a baya, sai dai maimakon a ja layin zuwa kusurwa, ana tayar da shi ne a miƙe bisa gefen, ya yi digiri 90 da shi. Mahaɗar waɗannan layuka ita ce tsakiyar da'irar da za ta bi ta kan ƙauyukan uku, kuma a misalinmu tana faɗawa daidai rabin hanya tsakanin ƙauye na biyu da na uku, inda kowa zai yi tafiyar kilomita 7.5. Ita ma tana da nata aibin. Idan ɗaya daga cikin kusurwoyin ta haura digiri 90, wannan tsakiya tana fita daga alwatikar gaba ɗaya, kuma idan ƙauyukan sun kusa zama a jere, kamar waɗanda mutum ke gani a bakin titi tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, lissafin zai iya jefa ginin can cikin fadama ko daji mai nisa, inda kowa zai wahala daidai da kowa ba tare da an sauƙaƙa wa ko mutum ɗaya ba.

Akwai kuma tambaya ta uku wadda a ganina ita ce hukuma ta fi bukata, wato ina za a yi ginin ta yadda idan aka tara tafiyar ƙauyukan uku za ta zama mafi ƙanƙanta. Wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Fermat ne ya jefa wannan tambaya a ƙarni na 17, Torricelli na ƙasar Italiya ya warware ta. Amsar ita ce wurin da hanyoyin uku za su haɗu da kusurwa mai digiri 120 tsakanin kowace hanya da ta kusa da ita, matuƙar babu kusurwar alwatikar da ta kai digiri 120. A misalinmu jimillar tafiya daga wannan wuri kimanin kilomita 20.3 ce, daga cibiyar nauyi kimanin 20.8, daga tsakiyar da'ira kuwa 22.5. Mai karatu zai lura cewa cibiyar nauyi ba mummunan wuri ba ce, har ta fi tsakiyar da'ira rage wa jama'a wahala a jimlace, kuma dole in ba marubucin wannan. Abin da ta keɓanta da shi a batun nisa shi ne idan aka ninka kowane nisa da kansa sannan aka tara, babu wurin da zai ba da jimilla ƙasa da tata, wadda a nan ita ce 150. Dalilin da aka buga a jarida ne ya zama kuskure, kuma ɗalibin da ya haddace shi zai kai shi ɗakin jarabawar WAEC ko NECO, ko kuma ya kai shi filin aiki wata rana. Duk wannan ma a kan takarda ne, inda ƙauyukan suke da yawan jama'a iri ɗaya kuma hanya take miƙe, ba a sa gulbin da ke cika da damina ya raba gari da gari ba.

Na daɗe ina tunanin inda wannan ruɗani yake samo asali, kuma na gamsu cewa allon ajinmu ne. Mu malamai idan muka ɗauki alli, hannunmu alwatika mai kyan gani yake zanawa, wadda gefunanta uku suke daidai ko kusan daidai, kuma a irin wannan alwatika duk cibiyoyin da na ambata a ɗigo ɗaya suke haɗuwa, ko kuma dab da juna. Yaro ya yi shekara uku yana kallon hoton da bai taɓa nuna masa bambancin ba, to don me zai yi zaton akwai bambanci? Ni kaina na yi shekaru ina zana irin wannan kafin wata rana in sa 'yan aji su zo da tsohon kwalin taliya da almakashi, kowa ya yanka irin alwatikar da ya ga dama. Wata yarinya da ke zama a benci na baya ta yanko doguwa mai siririn baki kamar tsinin mashi, ta ja layukanta uku, ta ɗora rula daga mahaɗar zuwa kusurwoyi, ta sake aunawa, sannan ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, nawa bai yi daidai ba, ko na ɓata ne?" Ba ta ɓata komai ba. Na kira ta gaban aji na ce ta ɗora kwalin a kan bakin biro daidai mahaɗar, kwalin ya ɗan yi lilo ya tsaya cak, ajin ya ɗauki sowa. Tun daga ranar na daina zana alwatika mai daidaiton gefuna sai idan darasin a kanta yake.

Alaƙar waɗannan cibiyoyi ma tana da ban sha'awa. A shekarar 1765 masanin lissafi Leonhard Euler ya nuna cewa cibiyar nauyi da tsakiyar da'ira da mahaɗar layukan tsayi, wato waɗanda ke sauka daga kusurwa su sari gefe da digiri 90, duk a kan layi ɗaya miƙaƙƙe suke, cibiyar nauyi a tsakani. A misalin ƙauyukanmu mahaɗar layukan tsayi ita ce ƙauyen farko kansa, cibiyar nauyi tana kilomita 5 daga gare shi, tsakiyar da'ira kuma tana gaba da kilomita 2.5 a kan wannan layi, biyu da ɗaya ke nan.

To me ya sa kullum biyu da ɗaya, kuma me ya sa layukan tsakiya ba su taɓa saɓa wa juna wurin haɗuwa? Bayanin da ya fi shiga kan ɗalibaina shi ne na ɗan ga-ruwa, irin na da mai rataya garwa a sanda ya saɓa a kafaɗa, kafin kura da jarkoki su karɓe sana'ar. Idan garwa ɗaya ce a kowane bakin sanda, a tsakiya yake sa kafaɗarsa. Idan aka rataya masa biyu a baki ɗaya, guda ɗaya a ɗaya bakin, dole ya matsa wajen masu nauyi har sai sandar da ta rage ta wajen garwa ɗayan ta ninka ta wajen biyun sau biyu, kuma ba sai ya je makaranta kafaɗarsa za ta gaya masa haka ba. Yanzu a ajiye garwa uku masu nauyi ɗaya a kusurwoyin alwatika. Biyu daga cikinsu suna daidaita a tsakiyar gefen da ya haɗa su, tamkar an tara su a nan wuri ɗaya, ta ukun kuma tana can kusurwar da ke fuskantarsu. Layin tsakiya ya zama sanda ke nan, garwa biyu a bakin gefe, ɗaya a bakin kusurwa, kafaɗa kuma a kashi biyu cikin uku daga kusurwa. Da yake babu wanda ya wajabta mana waɗanne biyu za mu fara haɗawa, kuma wurin daidaiton garwa ukun guda ɗaya ne tak, tilas ya kasance a kan layukan uku baki ɗaya.

Kwali cikakke ma a nan yake daidaita, domin idan aka yanka shi siri-siri, kowane yanki yana bin gefe guda a jere, kowane yankin a tsakiyarsa zai daidaita, kuma duk tsakiyoyin a kan layin tsakiya suke. Arkimidis na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya riga ya tabbatar da cewa nauyin alwatika a mahaɗar layukan tsakiya yake daidaita. Sai dai a yi hattara da alwatikar da mai walda ya haɗa da rodi uku, cikinta fayau, domin nauyinta a gefuna yake, dogon gefe ya fi gajere nauyi, don haka wurin daidaitonta yana gocewa daga cibiyar kwali sai fa idan gefunan uku tsawonsu ɗaya.

Inda layin tsakiya yake yin adalci na gaskiya shi ne rabon fili, kuma da marubucin ya ɗauko misalinsa daga nan da ban rubuto ba. Layi ɗaya yana raba alwatika gida biyu masu girma ɗaya, saboda gindinsu ɗaya ne a tsawo, kuma kusurwa ɗaya suke hanƙoro, tsayinsu ɗaya ke nan. Layukan uku tare suna fitar da ƙananan alwatikai shida, siffarsu daban-daban amma girman filinsu ɗaya. Mai karatun da ya san ilimin gado zai ga rabi da sulusi da sudusi da sulusi biyu duk sun fito daga zane guda.

Na ga amfanin wannan da idona lokacin da Allah ya yi wa baffana rasuwa, ya bar gonar shinkafa a fadamar Argungu, mai kusurwa uku, wadda hanyar amalanke ta yi mata iyaka ta gefe ɗaya, magudanar ruwa ta gefe na biyu, gonar maƙwabci ta gefe na uku. Matarsa da iyayensa sun riga shi, magadan maza biyu ne da mata biyu, don haka malamai suka ce kashi shida za a yi, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Malamai su ke faɗin rabo, ni awo kawai aka kira ni in yi. Da igiya da turaku muka je, ba mu da ko tef ɗin awo. Mukan shimfiɗa igiya a gefe, mu ninka ta biyu, inda ta karye mu kafa turke, sannan mu ja daga turken zuwa kusurwar da ke fuskantarsa. Da muka ja ta uku, sai ta bi daidai ta kan mahaɗar biyun farko, bambancin bai kai taku ɗaya ba, har mai unguwa ya cire hula ya mayar yana cewa lallai boko ma yana da nasa sirrin.

Amma ba a tashi a kan wannan rabon ba. Ƙaramar cikin matan, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba, ta dube ni ta ce, "Yaya, girman ɗaya ne, na yarda, amma kashi biyu ne kawai suka taɓa ruwa. Wanda ya samu na jikin gonar maƙwabci, da rani tiyo nawa zai saya, kuma man inji nawa zai ƙona?" Gaskiyarta ce, kuma lissafina bai hango wannan ba. Muka tuge turakun, muka raba gefen magudanar gida shida daidai, muka ja igiya daga iyakokin zuwa kusurwar da ke fuskantar ruwan, kowane namiji ya ɗauki gida biyu a haɗe, kowace mace gida ɗaya. Ƙa'idar da ta sa layin tsakiya yake raba fili biyu ita ce dai ta yi aiki a nan, gindi ɗaya da tsayi ɗaya, sai dai filayen sun fito dogaye masu tsini, abin da bai yi wa mai garmar shanu daɗi ba, amma kowa ya samu bakin ruwa.

Akwai wani kuskuren da ke tafiya tare da na farko, wanda na ji a bakin wani dattijo a wurin rabon, cewa duk layin da ya ratsa ta cibiya zai raba gona biyu daidai. Layukan tsakiya uku ne kaɗai suke yin haka. Idan aka ja layi ta cibiyar yana bin gefe guda a jere, ɓangaren da ke wajen tsini zai samu kashi 4 cikin 9, ɓangaren gindi ya samu kashi 5 cikin 9. A gonar da ke ba da buhu 45, ɗaya zai tashi da 20 ɗaya da 25, kuma buhu biyar na shinkafa duk shekara ya isa ya raba zumunci. Kwalin zai daidaita a kan wannan layi duk da haka, domin ƙaramin ɓangaren ya fi miƙewa nesa, kamar garwa ɗaya a dogon bakin sanda.

Ga ɗalibai masu son zurfafawa, haɗuwar layukan tsakiya reshe ce ta wata ƙa'ida mai faɗi da ke bayyana sharaɗin da zai sa kowaɗanne layuka uku da suka taso daga kusurwoyi su haɗu a ɗigo ɗaya. Littattafan makaranta suna jingina ta ga Giovanni Ceva, wanda ya buga ta a 1678, amma masu binciken tarihin lissafi sun same ta a littafin Yusuf al-Mu'utaman ɗan Hud, sarkin Saragosa a Andalus, wanda ya yi mulki daga 1081 zuwa 1085, kusan shekara ɗari shida kafin Ceva.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne a buga gyara a shafin da bayanin ya fito, tare da zane, kuma zanen ya kasance na karkatacciyar alwatika mai gefuna 9 da 12 da 15, a nuna cibiyar nauyi da tsakiyar da'ira kowace a wurinta, a rubuta nisan kowace zuwa kusurwoyi. Idan shafin zai ɗauka, a ƙara da umarnin yadda yaro zai yanka kwali ya gwada a gida, domin tsohon kwali da zare da ƙusa ba su fi ƙarfin kowane gida ba. Ina da zanen a hannu, da awon gonar baffana kamar yadda na rubuta shi a ranar, kuma a shirye nake in aiko muku da su idan kuna bukata.

Wassalam.

Naku mai karanta jaridarku a kullum,
Tsohon malamin lissafi,
Argungu, Jihar Kebbi.